Sunan Maigida a Kan Waƙoƙin Babana

Ɗan maigidanmu ya ɗauki waƙoƙin da babana ya rubuta, ya haɗa da manhajar da na yi da hannuna don a riƙa karanta su, ya raɗa musu sunan ubansa. Kuma ba irin sunan da ake gogewa ba ne. Suna ne da aka ƙera musamman don kada ya taɓa canzawa, ko da ginin da ke riƙe da su ya rushe. Abin da aka yi mini ke nan. Na faɗe shi tun a layin farko domin ban iya kwana-kwana ba, kuma a Nima an riga an ba da labarin nan ta baki daban-daban, a wasu ma ni ne mai taɓin hankali.

Babana baƙo ne a Ankara ta Gana. Ya biyo fatake daga arewa yana saurayi, ya sauka a gidan wani Alhaji dillalin shanu, mai babban gida a tsakiyar Nima. Wanda bai tashi a zango ba sai an yi masa bayani. A wajenmu baƙo ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana sauka ne a hannun maigida, maigida ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa in ya shiga rigima, shi kuma daga ranar ya zama baƙon wane. Wasiƙarsa ta akwatin maigida take zuwa. In an zo nemansa, sunan maigida ake tambaya. Babana ya yi aure a gidan nan, an haifi yayata, an haife ni, uwarmu ta rasu a ɗakin nan, gemunsa ya yi fari a barandar nan, amma ba a taɓa daina ce masa malamin gidan Alhaji ba.

Karantarwa yake yi a baranda, safe da yamma. In yara sun watse sai ya jawo tawada da alƙalami ya yi ta rubuta waƙoƙi da ajami: na wa'azi, na begen Annabi, na tuna mutuwa, har da wata doguwa a kan babbar kwatar da ta ratsa unguwarmu, yadda take cinye katifun talakawa duk damina. Hausarsa cikakkiya ce, irin ta can gida. Mu 'ya'yan zango in muka ce "Inna ya zo" sai ya ɗaga kai ya ce, "Uwar taka namiji ce?" Saboda shi nake iya rubuta abin da kuke karantawa, ba saboda makarantar boko ba, wadda na bari a tsakiyar midil.

Abu ɗaya ne ba ya yi. Ba ya sa sunansa. Duk waƙa in ta ƙare sai ya rubuta cewa mai ita bawa ne mai yawan zunubi, wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Na taɓa tambayarsa.

"Baba, to in mutum zai yi maka addu'ar, wa zai ce?"

"Wanda ake roƙo ya san ko wane ne."

"Mutane fa?"

"Mutanen gidan nan duk sun sani. Tashi ka ɗebo mini ruwa."

Alhaji kansa ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya san shanu, ya san surorin da zai yi salla da su, in babana ya fara rera waƙa da azumi yakan yi gyangyaɗi kafin a kai rabi. Ɗansa na tsakiya ƙanena ne a shekaru. Tabarma ɗaya muka zauna. Babana ne ya riƙe masa hannu ya ja alif ɗinsa na farko. Shi ya ci gaba da boko har ya ƙure ta, ya zama Dakta, ya sami aiki a laburaren wata jami'a. Yaya yake ce mini, har yau bai daina ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Da Alhaji ya rasu, magada suka ce za su mayar da ɗakunan gaba shaguna. Ba su yi mana tsawa ba, sun ma ba mu haƙuri, amma mun fita. Muka sami ɗaki a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, gab da kwata, inda ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa in sama ta yi fushi. Saboda haka muka bar akwatunan takardun babana a ɗakin ajiya na saman benen Alhaji, da yardar magada, kafin mu sami wuri busasshe. Ba mu samu ba. Babana bai daɗe a Maamobi ba ya rasu. Da aka yi sanarwa a lasifikar masallaci, cewa aka yi malamin gidan Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, alhali gidan ya riga ya sallame shi.

Ni a lokacin ina da ɗan kafe a bakin titin Nima. Kwamfutoci tsofaffi, injin fotokwafi mai cinye takarda, da samari masu zuwa a cika musu takardun biza. In babu kwastoma sai in zauna ina kwaikwayon yadda ake rubuta manhaja. Ba wanda ya koya mini. In kwafo aikin wani, in lalata shi, in gyara, har na fara gane inda ake dosa. Akwai 'yan waƙoƙin babana da suka biyo mu cikin jakar tufafi. Na so in buga su a kwamfuta, sai na tarar haruffan Larabci da ke ciki ba su da wasu haruffan da yake amfani da su, waɗanda yake ƙara wa ɗigo don su ba da sautin Hausa. Sai na yi tawa manhajar. Tana buga ajaminsa yadda yake, tana kuma juya shi zuwa boko saboda yaran yanzu da ba su iya karanta rubutun kakanninsu ba.

Manhajar na ajiye ta a rumbun da masu irin wannan aiki ke ajiye kayansu a intanet. Hotunan waƙoƙin kuma suna wani wuri daban, na kyauta. Manhajar tana zuwa can ta ɗauko waƙa ta adireshinta. To, matsalar ke nan. Wurin kyauta ya rufe, na kwashe na kai wani. Wannan ma ya canza tsari. Duk lokacin da na yi ƙaura, adireshi ya mutu, manhaja ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Tsofaffin ɗaliban babana da ke Jamus da Amurka da Makka sai su bugo mini.

"Ɗan Malam, abin naka ba ya buɗewa."

"Na ƙaura ne, bari in turo maka sabon."

"Kai ma kamar mai gudun kuɗin haya."

A cikin wannan hali Dakta ya shigo kafe wata rana da rana tsaka, an ɗauke wuta, ina fifita da kwali. Ya zauna a kujerar roba da rigarsa mai guga, ya ce ya ga aikina, kuma ya burge shi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ba a saba gaya mini haka ba.

"Yaya, wahalarka ɗaya ce. Kana neman abu ta inda yake zaune."

"To ta ina ake neman abu?"

"In ka zo Nima neman mutum, lambar gida kake tambaya?"

"Wa ya san lambar gida a Nima?"

"Yawwa. Sai ka tsaya wajen mai koko ka faɗi sunansa. Ta ce ai ya tashi, yana bayan masallaci yanzu. Ya sake tashi, ta sake sani. Sunan bai motsa ba, mutumin ne ke yawo. To mu ma muna da mai kokonmu a laburare. Kowace waƙa za a ba ta suna guda na dindindin. Manhajarka ma a ba ta nata. A ɗaure su tare. In an canza inji, in an canza gini, ko a kwashe komai a kai wata ƙasa, sai a gaya wa mai koko kawai. Wanda ya riƙe sunan zai isa."

"Har yaushe?"

"Har bayan ni da kai. Ba mai iya canza shi. Ko ni ba zan iya ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta kama ni. Mutumin da aka tasa daga ɗakin da aka haife shi, in ka ce masa akwai abin da ba a iya tasarwa, ka gama da shi. Na ce a yi.

Muka hau benen Alhaji muka sauko da akwatunan. Aka kawo na'urar ɗaukar hoto daga laburare, aka kafa ta a falon gidan, domin Dakta ya ce takardun sun tsufa, kada a yi ta yawo da su cikin torotoro, wato bas ɗin haya na Ankara. Watanni na yi ina rufe kafe da wuri ina zuwa can. Ni ke ɗaga takarda, in hure ƙura, in shimfiɗa, a ɗauka, in juya. Wasu gara ta taɓa gefensu, wasu sun manne da juna sai da na sa bakin wuƙa a hankali. Ƙamshin tawadarsa yana nan, da na turaren da yake sa wa riga ranar Juma'a.

A cikin akwati na ƙasa na ci karo da waƙar da ban taɓa jin ya rera ba. Ta uwarmu ce, bayan rasuwarta. Bai kira sunanta ba, amma duk wanda ya zauna a gidan zai gane ta. Ya ambaci wushiryarta, da yadda take tuƙa tuwo da hagu, da bakin famfon tsakar gida inda take wanki tana 'yar waƙa a hanci, da yadda yake jin takunta a baranda tun kafin ya gan ta. Na fita bayan gida na tsaya kusa da tankin ruwa na daɗe. Da na dawo Dakta ya ce, "Yaya, ko mu bar wannan?" Na ce a'a, a sa ta, ta fi duk sauran.

Manhajar kuma na kwance ta na sake ɗaurawa, yadda ba za ta ƙara neman waƙa ta adireshi ba, sai ta suna. A lokacin sunayen gwaji muke amfani da su, lambobi kawai. Dakta ya ce na gaskiya sai ranar buɗewa za su fito. Na yi ta yawo ina gaya wa mutane, a masallaci, a wajen mai shayi, har direbobin tasha da ba su tambaye ni ba. Ina ce musu aikin babana ya sami wurin da ba za a kore shi ba.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna a titin ƙofar gidan Alhaji, aka jera kujeru, aka toshe hanya kamar ana biki. Sarakunan zango sun zo, limamai sun zo, da mutanen jami'a. Aka rataya babban allo fari aka haska shafin a kai. Ina zaune a layi na uku da farar rigar da na ɗinka don ranar.

Waƙa ta farko ta fito, rubutun babana, manya-manya, har ɗigon da yake jan wutsiyarsa. A samanta ga sunan dindindin. Ya fara da wasu lambobi, sai sunan Alhaji cikakke, sai lambar waƙar. Na ce a raina wataƙila godiya ce ga gidan da aka yi aikin. Ta biyu ta fito, haka. Ta uku, haka. Aka nuna manhajata, ita ma sunan Alhaji ne a gabanta, sai kalmar kayan aiki a baya. A ƙasa, inda aka ce mawallafi, an rubuta ba a sani ba.

Mai jawabi ya tashi ya yi ta yabon marigayi Alhaji, mai son ilimi, wanda ya bar wa zango taskar da ba ta ƙarewa. Wani tsoho da ke gefena, tsohon mahauci, ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"Ashe Alhaji waƙa yake yi? Mun zauna da shi ba mu sani ba."

Na kusa da shi ya ce, "Ni dai da shanu na san shi."

"To ai ka ga, bayin Allah ɓoye suke."

 An raba shinkafa a roba, na karɓa, na riƙe ta a cinya har aka tashi.

Washegari na hau torotoro na tafi ofishin Dakta. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na ce masa ban zo shan ruwa ba.

"Yaya, ka'ida ce. Tari ana kiransa da inda aka same shi. A gidanmu suke, a gidanmu aka ɗauke su."

"Ajiya muka ba ku."

"Na sani. Amma babu sunan Malam a takarda ko ɗaya. Na duba, wallahi na duba."

"Kai ba ka san wanda ya rubuta su ba?"

"Ni na sani. Amma sanina ba hujja ba ne a wajen mutanen laburare."

"Ka ce mini sunan bai damu da wurin zama ba. Da bakinka ka faɗa. To me sunan gida yake yi a ciki?"

Ya juya biro a hannu. Daga baya ya ce an tambaye shi abin da za a kira tarin, 'yan'uwansa kuma sun so a tuna da tsoho, tunda su suka ba da falo da wuta, shi kuma bai ga kamar zai zama wani abu ba. Wato ba ka'ida kaɗai ba ce. An tambaye shi, kuma ya amsa.

"To a canza."

"Ba ya canzuwa, Yaya. Ai shi ne amfaninsa. Wasu laburarori sun riga sun kwafa, ɗalibai sun fara ambatonsa a rubutunsu. In an taɓa shi komai ya watse, har manhajarka. Amma zan ƙara bayani a ƙasa."

Ya ƙara. Na gani bayan 'yan makonni. An rubuta cewa ana danganta waƙoƙin ga wani malami da ya zauna a gidan. Wani malami. Kuma sai ka gangara ƙasa sosai, ka danna wani ɗan ƙaramin rubutu, kafin ka gan shi. Ba mai gangarawa.

Na gwada abin da zan iya. Na buɗe nawa shafin, na sa sunan babana da manyan baƙaƙe a kan kowace waƙa. Amma duk wanda ya nema, nasu yake fara gani, domin nasu yana da jami'a a bayansa. Nawa kuma da kafe ya durƙushe, tunda kowa ya koma yin komai a waya, shi ma ya bi shi. Yanzu gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa a Maamobi. Nasu yana nan. Sun ma sake inji, sun sake gini, kuma sunan yana kai mutum daidai, kamar yadda ya yi alkawari. Aikin yana da kyau. Ban taɓa cewa ba shi da kyau ba.

Na ji wani mai wa'azi a rediyo ya jawo baitin babana na kwata ya ce, kamar yadda marigayi Alhaji ya faɗa a waƙarsa. Na kashe rediyon na ci gaba da kwance wayar da ke hannuna. Wannan zan iya haɗiyewa. Babana bai nemi suna ba, in an hana shi, wataƙila shi bai damu ba. Haka nake gaya wa kaina.

Sai yayata ta zo. Tana sayar da atamfa a kasuwar Nima, mace ce mai dauriya, ban taɓa ganin hawayenta ba tun rasuwar uwarmu. Ta tsaya a bakin rumfata da mayafi a karkace, ta ƙi zama. Daga wajen biki take. Ta ce wata ta buɗe waƙar uwarmu a waya tana karanta wa mata, da manhajata, da ta juya musu ita zuwa boko sarai. Suka gane wadda ake nufi tun daga wushirya. Sai wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, to me ya haɗa Alhaji da matar baƙonsa har yake sauraron takunta a baranda? Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce dama ta sha mamakin yadda aka bar su a ɗakin nan shekara da shekaru. Wata kuma ta dubi yayata ta ce, hancin nan naki ma, sai ta yi shiru.

"Ka ji abin da aikinku ya jawo wa Inna," in ji ta. "Tana kabari."

Ta tafi ba ta jira amsa ba.

Wanda ya san zango ya san irin wannan magana ba ta mutuwa. Ba a faɗa maka a fuska. Sai dai ka shigo wuri a canza zance, ko a tambaye ka lafiyar 'yan'uwanka na gidan bene da wata irin murya. Na je wajen limamin unguwarmu, wanda ya yi karatu a hannun babana. Ya yi magana a masallaci bayan sallar Juma'a, ya ce waƙoƙin na Malam ne, shi shaida ne. Waɗanda suka ji sun ji. Amma maganar liman ta tsaya a masallaci, shi kuwa sunan yana cikin wayar kowa, kullum, a saman waƙar. Na aika wa Dakta cewa ko waƙar nan ɗaya a cire ta. Ya amsa da cewa abin da aka ba suna ba a cire shi, sai dai a rufe, kuma zai kai maganar gaban kwamiti. Kwamitin bai zauna ba, ko ya zauna ban ji ba.

Bayan wani lokaci mai tsawo Dakta ya zo da kansa, bayan la'asar, ya ajiye mota can bakin titi ya tako ta kan katakon da aka gitta a kwata. Ya yi furfura shi ma. Ya yi sallama, na amsa, domin sallama ba tawa ba ce da zan hana. Maƙwabcina mai ɗinki ya miƙo masa benci.

Ya ce ya ji ina da kaset-kaset na muryar Malam. Gaskiya ne. Wani mai gyaran rediyo da ke kusa da mu yakan ɗauki babana in yana rera waƙoƙin da azumi, kafin mai gyaran ya rasu ya ba ni su cikin kwali. Suna ƙarƙashin gadona. Laimar Maamobi ta fara cin su, wasu sun yi fari-fari a ciki, na ƙarshen da na gwada muryar tana ja kamar mai magana cikin ruwa.

"Yaya, in ba a kwashe su yanzu ba, sun tafi. Muna da na'urar da za ta ceto su. Kuma ka ga wannan ita ce hujjar da muke nema. Muryarsa ce. Zan sa sunansa a bayani, cikakke, da na mahaifinsa."

"A bayani."

"A bayani, a fili."

"A sama fa? Sunan da ba ya canzuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Tari ɗaya ne. Dole su shiga ƙarƙashin suna ɗaya, in ba haka ba ba za su haɗu da waƙoƙin ba."

Mai ɗinki ya tsayar da kekensa. Na ajiye wayar da nake gyarawa, na share hannuna a tsumma. Na san abin da nake shirin yi. Na san in ya tashi daga bencin nan hannu wofi, muryar babana ba za ta kai wata daminar ba, kuma jikokinsa ba za su taɓa jin ta ba. Na dube shi sosai, yaron da muka ci tuwo a kwano ɗaya, na ce masa:

"Saurara, ɗan maigida. In na ba ka, ga abin da za a ce: ga malamin gidan Alhaji yana rera waƙoƙin maigidansa. Ka san haka za a ce, don kai ma ɗan zango ne. Ba ka yi sata ba, na yarda, ba ka ma iya ba. An tambaye ka ne kawai, sau ɗaya a rayuwarka, wa ke da wannan, kai kaɗai ne a ɗakin da ka san amsa, sai ka faɗi sunan ubanka. Uwata ta biya, tana kwance ba ta iya kare kanta. Kaset ɗin nan suna ƙarƙashin gadona, kuma can za su ruɓe. Zan ji su har su daina magana, ni da yayata, daga nan shi ke nan. Ka tashi ka tafi kafin ruwa ya sauko, katakon nan ba ya ɗaukar mai takalmi irin naka in ya jiƙe. Kuma kada ka ƙara ce mini Yaya."